Solon Ranar Lahadi

Laraba, 24 ga Afrilu 1974, bayan la'asar

Yau muka koma repetisiyo, wato gwajin kiɗa, a gidan shugabanmu Shef Mahamadou, karo na farko tun ranar Litinin ɗin nan da sojoji suka karɓi mulki. Da rana tsaka muka yi, cikin zafin da ke narka kwalta, tunda yanzu ba mai yawon dare. Kowa ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar mutuwa. Ba wanda ya ambaci Yaya Sani. Ni ma ban ambace shi ba.

Shef ya zo da labari. Gidan rediyo na son orkes ɗinmu na makaɗa, Taurarin Kalley, mu kaɗa waƙa ɗaya a kan fari, a sa ta cikin shirin Lahadi da yamma. Da na ji sai na tuna Yaya. Jummai matar Yaya ta gaya mini sojojin da ke ƙofar inda aka tsare shi suna da rediyo rataye a ƙusa jikin taga, ba su kashe shi sai in pil, wato batir, ya mutu. Ba a barin kowa ya gan shi. Kwanon tuwo kaɗai ke shiga, ya fito wayam. To in na kaɗa solo ranar Lahadin, zai ji ni. Shi ya sayo mini jar gitar nan daga Abijan, ya san muryarta kamar yadda ya san tawa.

Sai Shef ya ƙara da cewa, "Solo kuwa, za mu gani tsakanin Yahaya da Bulus."

Za mu gani! Shekara da shekaru ni ke riƙe da solo a orkes ɗin nan. Bulus fa? Bulus ɗan Dogon Dutsi, anfirmiye mai aikin jinya a likita, wanda aikinsa a wurinmu ya riƙe akor, kiɗan rakiya, a bayana in yi ta shawagi. Ni na koya masa riƙon gitar. Ranar da ya fara zuwa, riƙe ta ya yi kamar an miƙa masa jaririn wani.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da safe

Ba kishi nake ba. Kishin me?

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan magariba

Na ji kiɗan Bulus yau. Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba mai karantawa.

Yadda na koyi solo kowa ya sani. In ɗora faifan Kongo mai gudun 45, in mayar da shi 33, kiɗan ya yi nauyi ya ja jiki, in bi shi ɗaya bayan ɗaya har in haddace. Da yake in an rage gudu muryar ma sauka take yi, sai in matsar da hannu sama gida biyar a wuyan gitar, ta koma wurinta. Haka na cinye faifai ya fi a ƙirga, wasu har allura ta kashe su. Duk Yamai ba mai saurin yatsuna, wannan ba fahariya ba ce.

Shef ya ce kowa ya gwada. Na zuba abin da na iya, jerin sautukan gam ɗin la minar daga ƙasan wuya har sama, na dawo, na sake hawa. Abdulaye mai ganga ya ce, "Wuta!" Sai aka miƙa wa Bulus gitar tawa, don tasa ƙugi take in an haɗa ta da ampili mai ƙara murya. Ya rufe ido, ya kaɗa sauti huɗu, ya tsaya. Na zaci ɓata ya yi, har na buɗe baki in nuna masa hanya. Sai ya maimaita huɗun nan, ya tura tsirkiyar ƙarshe sama da yatsa har ta yi kuka, ya kuma tsayawa.

Matar Shef ta bar tankaɗe ta leƙo zaure. Duk shekarun nan ba ta taɓa leƙowa don ni ba.

Talata, 30 ga Afrilu, kafin in tafi biro

Jiya a biro, ofishinmu, an karɓi makullin kabad daga hannuna, wai gyara za a yi. Maƙwabcinmu da Yaya ya sama wa ɗansa aiki ya hango ni a bakin famfo, ya tsaya yana duba tayar kekensa har na wuce. Jummai ta rufe ɗakin Yaya, amma takalmansa suna nan bakin ƙofa, ta hana a taɓa.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Sauti huɗu! Ko akuya ta taka gitar ai ta fitar da huɗu.

Laraba, 1 ga Mayu, da yamma

Ba aiki yau. Na riga kowa zuwa gidan Shef, sai na tarar da Bulus zaune, da warin maganin likita a jikinsa. Tun da mutanen arewa suka cika zangon bayan gari, can ake tura shi yin allura. Ya rame. Ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Metur." Har yanzu Metur yake ce mini, wato malaminsa. Da ya daina da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Wane faifai ka kwaso abin nan na ranar Asabar?"

Ya ce, "Ba faifai ba ne, Metur. Gam ɗinka ne na la minar, na cire masa biyu. Fa da si. Saura la, do, re, mi, sol. Su ne masu molo ke yawo a ciki can wajenmu, ba su san sunansu ba kawai."

"To ita fa ɗin da ka cire, me ta yi maka?"

Ya kama akor ɗin la, ya ce in kaɗa fa in riƙe. Na kaɗa. Wallahi kamar ka tauna tsakuwa cikin shinkafa. Na sha bi ta kanta da gudu, ban taɓa tsayawa na ji ba. Ya ce a armoniyom ɗin cocinsu babansa ya nuna masa tun yana yaro: ka je inda ka ga dama, amma inda za ka sauka ya zama ɗaya daga cikin sautukan akor ɗin da ake ciki. In ana kan la, ka sauka a la ko do ko mi. In an koma sol, ka sauka a sol ko re.

Na ce, "Tsaye-tsayen nan fa, su ma a coci aka koya maka?"

Ya ce, "A zango ne. Matan can ba su da numfashin dogon zance. Uwa za ta ce maka kalma uku a kan ɗanta, ta tsaya, ta ƙara biyu. Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Yanzu abin da ba zan iya rerawa da numfashi ɗaya ba, ba ni kaɗa shi."

Na ce ai gitar ba ta da huhu. Ya yi dariya, ya ce gaskiyata. Wannan saurin yarda tasa ita ke ƙara ƙona mini rai. Mutum ya yi gardama mana a san inda za a kama shi!

Asabar, 4 ga Mayu, da asuba

Na samu dabara. Akwai waƙar da Inna, Allah ya jiƙanta, take yi in tana niƙa, can gidanmu na Damagaram. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, ina jin ita ta ƙaga abarta. Ni da Yaya kaɗai muka rage masu saninta. In na sa ta cikin solon, ko ba a faɗi sunana ba zai san ni ne, zai san gida yana nan.

Bulus ya je ya nemo wannan a armoniyom ɗin babansa mu gani.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan azahar

Na fitar da ita a gitar. Abin haushi, cikin biyar ɗin nan take, ba fa ba si. Ashe Inna ma ƴar makarantar Bulus ce.

Tsirara ta yi mini yawa. In na kaɗa ta haka, cewa za a yi mai solon Taurarin Kalley ya koma waƙar niƙa, yatsunsa sun mutu. Na yi mata ado, hawa da sauka tsakanin kowane sauti da ɗan'uwansa, na ƙara wani juyi na faifan Kuba a ƙarshe. Yanzu ta zama solo. Yatsana na tsakiya ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Kwanon jiya ya dawo da rabin tuwon. Jummai ta juye wa kaji.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan magariba

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na kaɗa solon nawa, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Shef ya gyaɗa kai. Sai Bulus ya ce, "Metur, akwai wata waƙa a ƙarƙashin abin nan da ka kaɗa. Ina jin ta tana leƙowa tana komawa." Ya karɓi gitar, ya lalubo, ya lalubo, sai ga ta. Ya zare duk adon da na kwana uku ina ɗorawa ya yar. Ya kaɗa layin farko kamar mai tambaya, ya bar ganga ta wuce ita kaɗai, sannan ya ba da amsa da layi na biyu. Daidai inda Inna take tsayawa ta turo dutsen niƙa, nan ya tsaya. Bai taɓa ganin Inna ba. Bai taɓa taka Damagaram ba.

Shef ya ajiye kakakinsa ya ce, "Wannan ce. Ta wa ce?"

Bulus ya ce, "Ta Metur ce."

Na ce ta uwata ce, kuma ban ba kowa aro ba. Bulus ya miƙo mini gitar da hannu biyu yana ba ni haƙuri, ya ce bai sani ba. Na fizge na fito ko sallama ban yi ba. A hanya na tsayar da mobilet, ɗan babur ɗina, bakin Babbar Kasuwa, don ba ni ganin gabana sosai. Ƙura ce ta shiga idona.

Alhamis, 9 ga Mayu, da safe

Ni na koya masa riƙon gitar.

Asabar, 11 ga Mayu, da yamma

An yanke. Bulus ne. Ni in riƙe akor a bayansa.

Na bi Shef har bakin rijiya inda yake alwala. Na ce, "Shef, gaya mini gaskiya. Saboda Yaya ne? Tsoro kake a ji sunan gidanmu a rediyo?" Allah ya sani so nake ya ce i. Da ya ce i, da na tafi gida da kaina a sama, in ce zalunci aka yi mini.

Ya ce, "Yanzu ba su faɗin sunan kowa, sai na orkes. Kuma da tsoro nake ji, da tun ranar farko na ce ka zauna gida. Yahaya, ɗana, kunne na bi. Kai kana nuna mana abin da yatsunka suka iya, shi yana gaya mana magana. Waƙar fari ce, mutane sun binne ƴaƴansu a hanya. In ka hana waƙar mahaifiyarka, haƙƙinka ne, sai ya kaɗa wata. Amma shi zai kaɗa."

Ina tattara waya na ji Abdulaye yana ce wa wani a hankali, "Jar gitar nan ko buhun hatsin agaji nawa ce?" Ya zaci ban ji ba. Ban taɓa tambayar Yaya da me ya saye ta ba. Wa ke tambayar wansa irin wannan?

Lahadi, 12 ga Mayu, da rana

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. Bulus yana can coci yanzu yana rera waƙa da numfashi ɗaya.

Talata, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Na tura gitar ƙarƙashin gado, na ce ba inda za ta. Ya je ya kaɗa da tasa mai ƙugi, Nijar duka ta ji. Waƙar Inna ma na hana.

Jummai ta same ni kwance. Da can in ta shigo sai ta ce, "Maigida ƙarami, tashi ka ba ni kuɗin cefane," mu yi ta tsiya. Yau tsaye ta yi bakin ƙofa da kwano a hannu.

Ta ce, "An ce ka hana gitar."

"Tawa ce."

"Wa ya saya?"

Na juya fuskata bango.

Ta ce, "Kullum ina tsaye cikin rana a ƙofar can, ina jin rediyon nan yana zuba, ina cewa da ma wani abu namu ya shiga ta tagar nan ban da tuwo. Ga hanya ta samu, kai kuma kana nan kana auna hannun wa ya fi na wa. Shi da ke ciki ina ruwansa da hannu? Haba, Yahaya. Wallahi ka ba ni kunya."

Ta tafi ta bar mini ƙofa buɗe. Na jawo gitar na share mata ƙura, na sake mata tsirkiya ta biyu da ta fara tsatsa. Ba don shi na yi ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

An ɗauka. Ɗaki ɗaya, makirfo ɗaya a tsakiya, mai na'ura ya ce zaren ɗaukar murya ya yi ƙaranci, sau ɗaya za a yi, wanda ya ɓata ya ɓata. Na miƙa wa Bulus gitar a bakin ƙofa na ce, "Ka kaɗa ta Inna." Ya buɗe baki zai yi godiya, na ce ya riƙe abarsa.

Zan faɗi abin da ya zo mini a rai. Da aka zo solo, ni ke riƙe da akor. In na jinkirta komawa sol da ƙiftawar ido, saukarsa za ta faɗi a banza, kowa ya ce shi ya ɓata. Hannuna ya san yadda ake yi. Na dubi jar fitilar da ke nuna ana ɗauka, na tuna tagar.

Na riƙe masa daidai. Ban taɓa riƙe wa kowa akor da kyau haka ba, kuma ina yi ina jin kamar in fasa masa gitar a ka. Da aka gama, mai na'ura ya cire abin kunnensa ya jinjina kai. Bulus bai tsaya shan yabo ba, ya hau kekensa ya koma zango. Ko wannan ma ya fi ni.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan magariba

An sa. Ni da Jummai a tsakar gida, rediyo a kan turmi. Da solon ya zo ta ja gyale ta rufe fuska. Ni akor ɗina nake saurare, ba wanda zai ce ga inda ya kauce.

Ƙarya nake. Shi nake saurare.

Talata, 21 ga Mayu, da rana

Tela na bakin kasuwa ya taso daga kan kekensa ya riƙe hannuna. "Yahaya, ka kashe mu ranar Lahadi! Ashe haka ka iya?" Maƙwabcin nan mai duba taya ma yau ya ga dama ya gaishe ni.

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Ashe haka na iya!

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

An bar Jummai ta gan shi yau da safe, ta bayan waya, soja na tsaye. Ta dawo ta zauna bakin ƙofata, ta ce ya rame, gemu ya fito masa da furfura, amma ƙafafunsa na ɗaukarsa. Na ce alhamdu lillahi. Sai ta yi ta murza bakin zanenta.

Na ce, "Faɗi mana."

Ta ce, "Ya ji. Ya ce tun sautin farko ya gane gitar. Da waƙar Inna ta fito kuwa, ya ce ya kama ƙarfen taga ya yi ta kuka, har sojan ya ƙara masa murya. Ranar ya cinye tuwonsa tas."

Na ce to madalla.

"Ya ce in gaya maka, da can yana jin kiɗanka ne don kai ƙanensa ne, amma hayaniya ta yi masa yawa, bai taɓa faɗa maka ba don kar ranka ya ɓaci. Ya ce yanzu ka zama makaɗi. Ya ce ko gitar nan kaɗai ya bari a duniya, bai yi asara ba."

Na tambaye ta ko ta gaya masa.

Ta ce, "In gaya masa me? Mutum na dariya karo na farko tun da aka tafi da shi, in ƙwace? In kana so, ranar da aka bar ka ka shiga, ka gaya masa da bakinka." Ta miƙe, ta kai tsakar gida, ta juyo. "Ya ce kuma ranar da ya fito, kafin ya sha ruwa, ita za ka fara kaɗa masa. Yadda ka yi ta a rediyo, kar ka canza komai."

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

Tun asuba nake kanta. Sautukan duka na sani, waƙar uwata ce, biyar ne kacal. Na kaɗa, kafin Jummai ta tace koko na kai ƙarshe. Na sake. In na zo inda ake tsayawa, yatsuna ba su yarda, sai su cusa wani abu a ramin. Na gwada rerawa tukuna kamar yadda ya ce, numfashina ya ƙare a tsakiya, ban san ko a ina yake shaƙa ba.

Jummai ta leƙo ta ce, "Ba haka take ba."

Na sani! Da faifai ce da na mayar da ita 33 na bi ta a hankali har ta zauna. Ba faifai. Tana hannun mutum ɗaya, a Lamorde, ƙetaren gada, kuma yau da rana yana gida.

Har yanzu ina jin haushinsa, kar a ce na daina. Amma ba wanda ya san ranar da za a buɗe ƙofar can, ko gobe ko baɗi, kuma Yaya ya ce kar in canza komai.

Na ɗaure gitar a bayan mobilet. Zan yi sallama, ya fito ya ce, "Sannu da zuwa, Metur," ni kuma in buɗe bakin nan nawa in ce ya koya mini waƙar Inna.